Mai Fito Ba Ta da Murya

Litinin, 3 ga Maris
Yau aka faɗa min aikina a gidan rediyo. Tsohon labarin nan mai juzu'i bakwai, na dodanni da yaƙin sarakuna, za a mayar wasan kwaikwayo. Ni ce mai gwada rubutun Darakta da littafin, kada kuskure ya fita. Gwaji ake min, ƙarshen wata shi zai ce a riƙe ni ko a sallame ni. Ba na tsoro, a kan littafin nan na yi binciken kammala digiri.

Laraba, 5 ga Maris
Na kama babban kuskure. A juzu'i na uku, bayan yaƙin bakin kogi, wata mai fito ce ta ɗauki sojan abokan gaba da ya ji rauni ta haye da shi, alhali mutanensa ne suka ƙone garinsu. 'Yan garin suka fasa mata kwale-kwale. Ko suna marubucin bai ba ta ba. Darakta ya cire ta, ya ba Yarima, jarumin labarin, aikin. Yarima kuwa a lokacin yana kogon dodo, a ɗaure.

Alhamis, 6 ga Maris
Na sami Darakta a ofis. Na ce, "Yallaɓai, Yarima ma bai iya tuƙi ba, juzu'i na biyar ya faɗa." Ya yi dariya, wai, "Malama Shafi-nawa, karanta min abin da matar ta ce." Na buɗe. Ba ta ce komai ba, daga farko har ƙarshe. Ya ce a rediyo wanda bai buɗe baki ba bai zo duniya ba.
Gaskiyarsa. Shi ne abin haushin.

Asabar, 8 ga Maris
Ina ba Umma labarin tana guga. Ta ce, "Shi Yariman me zai rasa in ya ɗauki mutumin?" Babu. Jiragensa sun cika kogi. Matar kuwa da kwale-kwalen take ci. In aka ba shi, alherin ya tashi a kyauta.
Yaya ya leƙo da buroshi a baki: "Auta, riƙe aikinki. Matar takarda za ta saya miki sabulu?"

Talata, 11 ga Maris
Ni da mai haɗa sauti, wanda kowa ke kira Kunnuwa, muka gwada kawo ta ba magana: bokitin ruwa da ɗan katako a matsayin filafili. Ni dai ya yi min kyau. Darakta ya saurara ya ce, "Wa ke wanki a fagen yaƙi?" Har Kunnuwa sai da ya dara, maci amana.
Sai ya ce in ina son matar, in rubuta mata jimla ɗaya, in faɗa da bakina, don babu 'yar wasa a ranar ɗaukar shirin. "Ke da ba kya yarda a ƙara ko ɗigo." In ta ɓata masa fitowar, zai tuna ƙarshen wata.

Laraba, 12 ga Maris
An ɗauke ni in hana ƙari, ga shi ni ake so in ƙara. Ban ci abincin rana ba.

Juma'a, 14 ga Maris
Na rubuta mata jawabai a kan rahama da yafiya, na yage. Wadda ke tuƙi cikin hayaƙi ba ta da lokacin wa'azi.
Jar fitilar ɗaukar murya ta kama, Kunnuwa yana kaɗa bokitinsa, mai wasan sojan yana nishi kusa da ni. Na ce, "Zauna a tsakiya, ɗan nan, kada ka kifar da mu."
Darakta bai ce a sake ba. Bai ce ya yi kyau ba kuma. Cewa ya yi, "Na gaba."

Litinin, 17 ga Maris
Darakta bai ce komai kan ƙarshen wata ba, ban tambaya ba. Ya ajiye min rubutun makon gobe, ya zana layi ƙarƙashin wani mai kula da dawakai a juzu'i na huɗu, ya rubuta, "Wannan fa, yana magana?"
Ba ya yi. Na duba.
Takardar gyaran makon jiya na miƙa ɗazu. Wurin da aka ce a rubuta abin da ba ya cikin littafi, na rubuta jimlata da lambar shafin. Wurin da aka ce "a cire ko a bari", ban ko tsaya tunani ba, na zaɓi "a bari".