An Rage wa Baba Tumbi

Inna, gaisuwa daga Tunis. Yaya Magaria, yaya su Karima?

An yi wa Baba aikin rage tumbi lafiya. Sukarinsa ya sauka, likita ya ce ya bar allura. Amma kin san mijinki da ƙin asara. Ya ci gaba da yin ta a ɓoye, har sukarin ya faɗi, ya sume. Ya farfaɗo, ni kuwa barci ya ƙaurace mini, ko tsokanarsa ba na iyawa.

Don Allah ki kwashe alluran da ke firigo kafin mu iso. Kada a tarbe shi da ƙwaryar fura, ludayi ɗaya ya ishe shi.

In kika ga wani siriri a zaure cikin rigar Baba, kada ki kira maƙwabta. Shi ne.

Allah ya sada mu da alheri.

Ɗanki Baƙo