Ba Sista Rifkatu Ce Ta Musanya Sunan Ba

Zuwa ga Likita, shugaban asibitin da nake aiki a Gyadi-Gyadi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da ban gajiya, ni ne Sabi'u, mai kula da kwamfutocin asibiti. Na nemi ganinka ban samu ba. Na kai maganar wurin manaja, ya ce in bar kaza cikin gashinta. Shi ya sa na fito fili.

Na ɗaya. Kwamfutar ɗakin ɗibar jini ƙofofin jona biyu gare ta, kayanta kuwa sun fi haka: kibod, maus, na'urar karanta katin majiyyaci, da firintar da ke buga sunan da ake mannawa a kwalbar jini. Na roƙi a sayo hob, akwatin da ke ƙara ƙofofi, irin wanda ake sa wa wutarsa daban. Aka ce in yi maneji da ƙananan da ke sito, marasa wutar kansu. Na jona su wani a bayan wani, firinta a can ƙarshe.

Na biyu, nan ne nawa laifin. Kowace na'ura na gwada ta ita kaɗai, ta yi aiki. Ban gwada su tare ba, yadda suke aiki idan layin majiyyata ya kai bakin ƙofar ɗaki. Ina saurin zuwa ɗaurin aure a Ƙauyen Alu, na ce wa manaja komai lafiya.

Na uku. Ka san abin da ya biyo baya. An ba wata Hajiya daga Daurawa sakamakon jinin wani, aka ɗora ta kan maganin suga, ta yanke jiki ta faɗi a gida. Allah Ya sa da sauran kwana. A taron da kuka yi, Sista Rifkatu, wadda ta ɗebi jinin, ta ce abin da firinta ta ba ta shi ta manna. Ba wanda ya saurare ta, aka sallame ta. Ina zaune a wurin, raina ya ba ni jonin da na yi ne, amma tsoron rasa abincina ya rufe mini baki.

Na huɗu. Daga baya na gwada kayan a haɗe. Idan na'urar kati da firinta suka ja wuta lokaci guda, firinta takan ɗauke, in ta dawo sai ta sake buga sunan wanda ya gabata. Na maimaita, haka ta yi. Da na jona ta kai tsaye a jikin kwamfuta, ba ta ƙara yi ba. Za a ce me ya hana Sista karantawa kafin ta manna. Ita kaɗai ce a ɗakin da cikar jama'a, kuma ni na ce mata ta saki jiki da na'urar.

Kwanan baya na gamu da ita a kasuwar Tarauni. Ta ce duk asibitin da ta je sai sun tambayi dalilin barin aikinta, yaranta kuma suna gida an koro su daga makaranta. Sannan ta tambaye ni jikin mahaifiyata. Na kasa haɗa ido da ita.

Ranka ya daɗe, ina roƙo. Ka zo ka tsaya in maimaita gwajin a gabanka. A mayar da Sista Rifkatu bakin aikinta, a wanke ta a gaban waɗanda aka kunyata ta. A faɗa wa Hajiya gaskiya. A sayo hob mai wuta, domin ɗakin magani ma irin wannan jonin ne a cikinsa, gobe kuma za a buga sunayen mutane. In kuma dole sai an sallami wani, ga ni.

Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya sa ka gama da duniya lafiya, Ya yafe mana haƙƙin da muka ɗauka.

Wassalam.
Sabi'u, ɗakin kwamfuta.