Kafaɗun Masu Tsaron Ganuwa

Safa, Jidda

Yaya Sajida,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ya karatu, ya su Inno da mutanen Kano? Mu nan lafiya lau, raina ne dai a ɓace.

Makarantarmu na shirya wasan tarihi, na lokacin da jiragen ruwan Turawan Fotugal suka zo cin Jidda, mutanen gari suka kare ta. Abla Wafa', malamarmu ta tarihi, ta ba ni kwamandan masu tsaron ganuwa. Ni da ko karatu a gaban aji muryata rawa take yi!

Na duba littattafai da hotunan gidajen tarihi. Sojojin ganuwa sulke suke sawa, rigar zobban ƙarfe da ke rufe kafaɗa, a ƙarƙashi kuma riga mai auduga irin lifidi. Na sayo zobban makulli a unguwar Aziziyya, ina sarƙa su da filaya bayan la'asar har yatsuna suka yi kanta. Mama ta ɗinka mini ta cikin da tsohon bargo.

Jiya sai ga mahaifiyar Afnan, 'yar ajinmu, da kwali cike da kafaɗun sulke na roba masu sheƙi, kowanne kamar murfin tukunya. Abla ta ce masu tsaron gari su za su sa, wai sun fi kyau a hoto. Yaya, wannan fa kayan maharan ne! A kare Jidda da kafaɗun waɗanda suka zo ƙona ta? Gobe sai na faɗa wa Abla, ko da zan suma.

Ki gaida Inno. Ƙanwarki,
Lailatu

Safa, Jidda

Yaya Sajida,

Sallama da fatan alheri. Ya jikin Inno? Allah ya ƙara sauƙi.

Na faɗa. Na ce wa Abla kafaɗun nan na Turawa ne, idan dole sai na sa su, gara a kai ni cikin maharan. Ni a zatona za ta yi tunani. Ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce halas, yalla, wato shi ke nan, maza in shiga jirgin maharan. Nan take ta ba Afnan kwamandan, da duk maganganun da na haddace. Na yi kuka a banɗaki, amma ban koma na ba da haƙuri ba.

An yi wasan ranar Alhamis. Mama ta manta ba ta sanar da ƙawayenta na unguwar Kurayyat canjin ba. Sun zo da gayya ganin 'yarsu ta kare Jidda, sai suka gan ni a jirgin kwali, mu mahara duk sanye da kafaɗun roba, ina harbin ta. Ɗaya daga cikinsu, Hajiya Maiturare, ta yi salati da ƙarfi, tana tambaya da me garin ya ɓata mini.

Afnan kuwa ta tashi ɗaga takobi, robar ta tokare mata wuya, hannu ya tsaya a rabi. Haka nan ta soke ni, na faɗi. An tafa mata sosai. Har yanzu abin na ci mini rai, Yaya. Amma ina kwance a ƙasa na kalli duk waɗanda ke kan dandamalin, mu da aka kashe kaɗai muke cikin kayan da suka dace.

Sulken yana rataye a bayan ƙofata. Afnan ta tambaya ko zan ara mata ta ɗauki hoto. Na ce a'a, kuma muryata ba ta yi rawa ba.

Ki sa ni a addu'a. Taki har kullum,
Lailatu