Ƙofar da Ka Ajiye Mutuminka

Zuwa ga Yaya Tijjani,

Assalamu alaikum, tare da gaisuwa irin ta ƙane ga wansa. Na san babu mai kai maka wannan takarda, kuma ko an kai ba za ka karanta ba. Da ma ko kana raye kai ba mai karanta wasiƙa ba ne, sai dai ka miƙo mini ka ce in karanta maka kana kwance. To yanzu ma kana kwance, bari in karanta.

Soja sun koma bariki, Yaya. Kai da ka yi ta rantsuwa ba za su koma ba, ga shi sun koma ba ka gani ba. Mandawari ta cika da fosta, kowane bango da fuskar wani mai babbar riga yana murmushi kamar ya san mu. Wuta dai tana nan yadda ka bar ta, a kawo a ɗauke. Umma ta yi sadaka da rigunanka, amma ta riƙe hular nan mai ruwan ƙasa, wai ta tsufa da yawa ba a ba mutum ita. Baba ya ba 'yan siyasa shagonka na wasan gem sun yi ofis, sun shafe bangon da fenti mai ƙyalli. Talabijin ɗinka da na'urar gem na dawo da su soron gida, kusa da randa. Yaran unguwa suna zuwa bayan la'asar kamar da, sai dai yanzu a ƙasa suke zama, don bencin ma ya shiga siyasa.

Ka san bakina. Ranar sadakar uku na ji wani dattijo yana faɗa ƙasa-ƙasa wai yaron kirki ne, sai dai ya ƙare rayuwarsa a wasan yara. Mutumin da ya shekara talatin a dakalin ƙofar gida yana dara da kara da tsakuwa, shi ne mai wannan magana. Na buɗe baki, Kawu Ado ya take mini ƙafa. Har yau maganar tana nan a maƙogwarona, ba ta fita ba, ba ta koma ba.

Amma ba wannan ya sa na ɗauki biro ba. Maganar kaset ɗin gem ɗin nan mai ruwan toka ce, wanda duk rubutunsa na Japan ne, babu wanda ya iya karantawa a cikin badala. Ka tuna yadda kake yi? Rubutu ya fito a ƙasan allo, yara su juyo su dube ka, kai kuma ka gyara murya ka fassara kamar a can aka yanke maka cibiya. Tsohon da ke tsaron gada ka ba shi muryar ɗan goron Yakasai, yana magana yana ƙorafin kasuwa. Matar da ke sayar da magani ka mai da ita Inna Talatu mai ƙosai, har da tsakinta. Shi kuwa ɗan mutumin da kake tafiyarwa, mai jar hula, ka ce ƙanensa yake nema, wani yaro mai zafin kai da ya yi fushi da kowa ya bar gida. Duk garin da ya shiga sai a ce masa yanzun nan yaron ya wuce, ya ma zagi mai shayi.

Yara su yi ta dariya suna satar kallona. Ni kuwa in haɗe rai a bayanka in yi kamar littafina nake karantawa. Na sani, Yaya. Tun ranar farko na san da wa kake. Ban taɓa faɗa maka ba, kuma ban taɓa faɗa maka cewa ba na juya shafi ko ɗaya idan kana wannan labari ba.

Bayan rasuwarka na shiga neman tsofaffin mujallun gem a wajen masu baza littattafai a bakin titi. Da ƙamus nake bin su, kalma bayan kalma. A ciki na ga ashe wasan gem ya fara ne da sanda biyu da ɗigo ɗaya yana kai da kawo a allo, manyan mutane masu digiri suna zaune suna kallonsa kamar wata ya tsaya. Na ga ashe ramin farko da ake saka maka a hanya, mara zurfi, da gangan ake saka shi, don ka faɗa ka koyi tsalle ba tare da an ce maka uffan ba. Kai ka sha faɗa mini haka ba ka karanta a ko'ina ba. Kuma a wata mujalla mai yagaggen bango na ci karo da hoton mai jar hularka. Na karanta labarinsa na ainihi. Wani dutse mai haske yake nema. Babu ƙane a ciki, ko ɗaya. Shekara guda wasu mutane suka yi a wata ƙasa suna tsara labarin dutse, kai kuma ka zauna a kan benci da rake a hannu ka fi su.

Ka ajiye wasan a bakin ƙofar ƙarshe, wata ƙatuwar ƙofa baƙa, ka ce sai ka warke za a shiga. Zazzaɓin bai bari ba. Mutuminka yana nan tsaye inda ka bar shi, da takobin da ka sha wahala kafin ka samo, da sunan nan da ka zaɓa masa cikin haruffan Japan don kawai ɗayansu ya yi maka kama da tsani. Idan na kunna, yana ɗan motsa ƙafafu a wuri ɗaya kamar mai jiran a yi masa iso.

Na sha shiga ƙofar. Akwai wani dodo a ciki mai kai biyu. Yara sun ɗauka ya fi ƙarfina, har suna ba ni shawara. Ba haka ba ne. Da na ga ya kusa faɗuwa sai in sassauta yatsuna in bari ya kashe ni, allo ya yi baƙi, wasan ya mai da ni bakin ƙofa, daidai inda hannunka ya tsaya. Ina ne kuma a duk Kano zan je a mai da ni inda ka tsaya? Ko kabarinka ruwan bana ya baje shi, sai da alamar fasasshiyar tukunya nake gane shi.

Wani lokaci nakan hau Goron Dutse da hantsi in zauna. Daga can garin yakan koma taswirar gem, gidaje murabba'i-murabba'i, lunguna kamar zare, kududdufai suna ƙyalli. Sai in ga kamar kai ne can ƙasa da hular nan mai ruwan ƙasa, kana shiga lungu kana fita, kana tsayawa gaban kowane mai tebur kana tambaya, ga ɗan siririn kiɗan gem ɗin nan yana bin ka. Ina so in ɗaga murya in ce ga ni nan sama. A can na fara zana nawa wasan a kan takardar siminti. Ƙofofin gari ne matakansa. Ban san wanda zai gina shi ba, ko kwamfuta sau ɗaya na taɓa taɓawa, amma na riga na san ramin farko a ina zan saka shi.

Makon jiya na kunna, sunan mutuminka bai fito ba. Na zare kaset na hura, na mayar, na sake hurawa, sai can ya dawo. Na kai wa Malam Ɗanjuma mai gyaran rediyo. Ya buɗe ya nuna mini wani ɗan batir kamar kwabo, ya ce shi ne ke riƙe da abin da aka ajiye, kuma ya kusa mutuwa. In an bar shi, wasan zai goge. In an canja shi ma zai goge. Na yi masa rashin kunya, Allah ya sani, kamar shi ya ƙera abin. Shi kuwa ya ɗaure mini kaset ɗin ya miƙo.

Shi ya sa jiya bayan la'asar na shiga ƙofar, ban sassauta ba. Wuta ma ta yi mana kara ba ta ɗauke ba. Dodon ya faɗi, haske ya cika allo, rubutu ya fara fitowa layi-layi. Sai yaran suka juyo gaba ɗaya suka dube ni, irin kallon da suke yi maka. Ban shirya komai ba. Na ji bakina yana cewa mai jar hula ya duba ko'ina a ɗakin bai ga kowa ba, sai da ya waiwaya. Ashe ƙanen bai taɓa barin gida ba. Duk garuruwan nan yana biye da shi a baya, da littafi a hannu, ya haɗe rai, yana jin kowace kalma. Wani yaro ya tambaya ko sun koma gida tare. Na ce masa a'a, ƙanen ne ya koma, shi aka bar wa hular.

Babu wanda ya yi dariya. Da na ɗaga kai sai na ga Baba tsaye a ƙofar soro da buta a hannu, ban san tun yaushe ba.

Gobe zan mayar wa Malam Ɗanjuma ya canja batirin, in ba shi haƙuri kuma. Na kwafe haruffan sunan da gawayi a bangon soro, har da mai kama da tsani, don in sake saka su. Za mu faro daga garin farko. Muryar ɗan goro ba ta zauna mini ba tukuna, amma tsakin Inna Talatu na iya shi.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka makwancinka. Ka daina tambayar masu tebur, Yaya, ina gida.

Ƙanenka mai zafin kai,
Sagiru