Ɗan Ƙarfen Baba

Asabar, 5 ga Afrilu, 2025

Na je Tudun Kaya gaida Baba. Ɗakinsa na wani wari mai tsami kamar an manta da kunu kwana uku. Na bi warin har ƙarƙashin gado, ashe tsohon akwatin nan ne. Faifai uku na majigi, tun zamanin da yake bin motar gwamnati ƙauye-ƙauye, ana haska fim a jikin farin yadi, shi kuma yana yi wa mutane bayani da lasifika. Na ce bari in kai shi bola. Tabɗi! Mutumin da ba ya gani, sai ga shi ya cafke hannuna caraf. "Uwata, Ɗan Ƙarfe ne a ciki." Sunan mahaifiyarsa gare ni, kuma in dai ya ce Uwata, to an gama da ni.

Ni Ɗan Ƙarfen nan ya ishe ni tun ina ƙarama. Fim ne marar magana, rubutun da ke fitowa a ciki ma ba Turanci ba ne, ba wanda ya iya karanta shi. Duk maganar daga bakin Baba take. Wani maƙeri ya ƙera mutum-mutumi mai tafiya, mutanen gari suka tsorata suka jefa shi a wuta, ya fito bai yi fushi ba, ya kama ɗebo musu ruwa har fari ya wuce. Duk wanda ya haura hamsin daga Ƙaraye zuwa Rogo ya san labarin. Ni ban taɓa ganin fim ɗin ba, injin ya mutu tun ban yi wayo ba. Labarin dai na sha shi har ya ginshe ni.

Asabar, 12 ga Afrilu

Halliru ɗan Gwaggo ya zo, taubashina, mai aikin adana tsofaffin finafinai a Kano. Ya buɗe murfi ya sunsuna kamar mai sayen daddawa. Wai warin nan alama ce fim ɗin na cin kansa, in aka ƙara damina ɗaya sai dai labari. Zai wanke, ya liƙe inda ya tsinke, ya kwashe hotunan ɗaya bayan ɗaya zuwa kwamfuta. Aikin watanni. In ya gama sai a haska a Ƙaraye, Baba ya yi bayani, a naɗi muryarsa.

Muryar ce abin ji. Likita ya ce abin da ke maƙogwaronsa ba zai ja da baya ba. Ban faɗa wa Baba ba. Amma ai ba yaro ba ne.

Lahadi, 13 ga Afrilu

Baba ya sa an wanke masa babbar riga. Tun yanzu! Ikon Allah.

Alhamis, 18 ga Satumba

Halliru ya same ni a makaranta a Rogo, ina gyaran jarrabawar lissafi. Ya buɗe kwamfuta. Yau na ga Ɗan Ƙarfe da idona: kai kamar tukunya, tafiya irin ta mai ciwon gwiwa. Wallahi yadda Baba ke kwaikwayonsa a tsakar gida, haka yake sak. Na yi dariya har da ƙwalla.

Sai Halliru ya ce, "Malama, akwai magana." Ya nuna min lambar da masu fim ɗin suka buga a bakin kowane faifai. Ƙira ce ta ɗaya. Ɗiban ruwa na biyu. Wuta ta uku. Wato ya ɗebo musu ruwa, suka ƙoshi, sannan suka ƙone shi. Bai fito ba. A kan toka fim ɗin ya ƙare.

"Shekara ashirin Kawu na haska shi a juye," in ji shi.

Juma'a, 19 ga Satumba

Na wuni ina juya maganar Halliru. Biyu kafin uku take, wannan ba ra'ayin wani ba ne, ni da nake jan kunnen ɗalibai a kan tsallake mataki guda. Amma in aka haska daidai, tsoho makaho zai zauna gaban mutanen garinsu yana cewa "ga shi nan ya fito", alhali toka suke kallo. Kuma wannan ne bayaninsa na ƙarshe. Ina jin tsoro, gaskiya.

Halliru ya ce shi aikinsa ya mayar da abu yadda aka yi shi, ni ce 'yarsa, ni zan faɗa masa. Matsoraci kawai. Na gaya masa haka.

Asabar, 20 ga Satumba

Na je, na kasa. Na yanke masa farce na dawo.

Asabar, 27 ga Satumba

Na faɗa. Bayan la'asar, yana ɓare sabuwar gyaɗa a gindin dalbejiya. Na yi ta kewaye-kewaye har ya ce, "Uwata, in rance kika zo nema ba ni da shi." Na ce, "Baba, faya-fayan nan kun juya su. Wuta ce ƙarshe." Na runtse ido.

Sai dariya. Ya yi ta yi har tari ya sarƙe shi, na ruga ɗebo ruwa.

"Ranar farko daidai na haska shi, a Gwangwan. Aka watse tsit kamar an dawo daga maƙabarta. Wata tsohuwa ta ce Allah ya isa tsakanina da ita, na kawo musu butulci har gida. Ina naɗe yadi sai ga wata budurwa mai tallan gyaɗa, ta ce, 'Mai majigi, tunda kai ne bakinsa, me ya hana ka tashe shi?' Washegari na sauya."

Na ce wace ce?

"Kin sha nononta kina tambayata?"

Inna. Shekararta tara da rasuwa, ko sau ɗaya ba ta taɓa ɗaga maganar ba. Ita da kullum take cewa Baba ya cika mu da surutu! Na yi kuka, ya yi kamar bai ji ba, ya zuba min gyaɗa a hannu.

Da zan tafi ya ce, "Ke ce malama. Yadda kika ce a jera, haka zan faɗa. Bayanin tokar ma ban manta ba."

Lahadi, 28 ga Satumba

Na kira Halliru. Na ce na ajiyarsu na Kano ya jera shi daidai, kada a yi wa tarihi ƙarya. Na Ƙaraye kuwa ɗaya, uku, biyu, kuma a sanar tun farko cewa jerin Sulle Majigi ne. Ya ce, "Malamar lissafi, maimaita in naɗa!" Na kashe wayata.

Asabar, 4 ga Oktoba

An yi. A babban ɗakin makarantar firamare, an toshe tagogi da tabarmi, zafi kamar gidan burodi. Tsofaffi har daga Rogo a kan acaɓa, wasu da sanduna. Na zauna kusa da Baba, in hoto ya sauya in taɓa gwiwarsa.

Ya yi sallama, muryar ta fito, a dishe amma ta fito. Tsofaffin nan suna riga shi faɗin maganar maƙeri, yana tsawata musu, ana dariya. Aka gama faifan farko lafiya. Aka zo wajen wuta. Ya ce, "Suka ɗaga shi..." Shi ke nan. Baki na motsi ba sauti, kamar mutanen cikin fim ɗin. Wutar fim ɗin na ta ci a jikin yadi.

Ya lalubo ni ya danƙa min makirufo.

Ban san na haddace ba. Na ji bakina na cewa, "Jama'a, kada kowa ya tashi! Ƙarfe ne, wuta ce ta haife shi!" Faifai ya sauya, ga Ɗan Ƙarfe tafe da tulu biyu. Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa. Na kai shi har ƙarshe, inda yara ke hawa kafaɗarsa, Baba na buga min gwiwa in hoto ya kusa sauyawa. Shi da ba ya gani.

Litinin, 6 ga Oktoba

Muryar ba ta dawo ba, sai raɗa. Halliru ya ce abin da aka naɗa rabi nasa ne, rabi nawa, haka zai ajiye shi. Na ce ya goge nawa, ya ƙi. Ban matsa ba.

Jiya da zan taho Baba ya jawo kunnena kusa da bakinsa. Na ɗauka albarka zai sa min. Wai na yi sauri a wajen tulun farko, ba a barin Ɗan Ƙarfe ya yi magana sai ya sauke kaya. In dawo Asabar ya gyara min.

Ni ba mai majigi ba ce, ina da aji uku da takardu jibge. Na dai gaya wa shugabar makaranta ba zan samu zuwa taron Asabar ba.