Abin da Aka Gani a Jininmu

Zuwa ga Yayana abin ƙauna,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana cikin ƙoshin lafiya kai da iyali. Allah ya ƙara mana haƙurin rashin Dogo. Inna tana samun sauƙi, sai dai gidan ba daɗi.

Ba ka ga yadda ƙaninmu ya cika ba, Yaya. Ciki ya kumbura, ido ya yi ɗorawa, yana aman jini har ya cika kwano. Tun daga ranar Baffa ya ɗora wa matar Dogo laifi, wai ita ta kawo mana ciwon hanta, har ya watsa mata kayanta waje.

Likitar da ta yi jinyarsa tana cikin masu binciken ciwon hanta nau'in B. Suna duba ƙwayoyin halittar cutar da sinadaran furotin na jini, don gano wanda hantarsa za ta lalace tun da wuri. Mun yarda ta ɗebi jininmu, har da na matar Dogo. Da ta tara mu a ofishinta, ta ce matar Dogo ba ta da komai. Cutar da ke jikinsa iri ɗaya ce da ta Inna, da tawa, da ta Auta, kuma alama ta nuna tun wajen haihuwa muka ɗauka.

Ka san Auta da zuciya. Ya ce an zagi uwarsa. Kafin in tare shi ya ɗaga kujera ya maka wa likitar, haƙorinta ya fita, ya kai wa kabad ɗin gilashi naushi, hannunsa ya tsage har ƙashi. Masu gadi suka danne shi da duka, Inna ta faɗi tana salati. Likitar, bakinta na zubar jini, ta daka musu tsawa kada kowa ya taɓa jininsa ba safar hannu, sannan ta ɗinke shi da kanta.

Inna ta je da ƙafarta ta dawo da surukarta, amma ta daina cin abincin kirki, tana cewa ita ta kashe ɗanta. Na ce mata tsautsayi ba ya wuce ranarsa, ba ta ji.

Yaya, ciki ɗaya muka fito. Don Allah ka je a gwada ka, kai da yara. Akwai maganin da ke danne cutar, ni na fara sha.

Ka gaida Anti da su 'Yar Baba. Auta ma yana gaisuwa, kunya ta hana shi kiranka.

Taka ƙanwa,
Ƙarama