Na Ce Maka Ta Sha Shayi

Isfara, ranar Talata

Ɗana Shahrom,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya. Yaya aikin gini, yaya sanyin Surgut? Mu nan sai godiya, inabin tsakar gidanku ya nuna, babu mai tsinka.

Wata biyu ke nan ba ka ɗaga wayata. Ban ga laifinka ba. Shi ya sa na ɗauki biro, ko ba komai takarda ba a katse ta.

Ka san dai a wurinmu ba a faɗa wa na nesa mutuwa ta waya. Cewa ake jiki ya yi tsanani, in ya iso dattawa su zaunar da shi. Ranar da mahaifiyarka, Yaya Zebunisso, ta cika, kawunnanka suka miƙo mini waya, wai ni ce mai bakin lallashi. Na ce maka tana jin jiki. Ka tambaya ko ta ci abinci, na ce ta sha shayi. Wallahi a lokacin masu wanka suna tsakar gida.

Na ɗauka za ka gane, yadda kowa ke ganewa. Na manta kana ɗan shekara sha bakwai ka bar gida. Aka jinkirta jana'iza kwana guda dominka, kai kuwa ka bar jirgin Laraba ya tashi, kana can kana neman maganin hawan jini da gyalen ulu. Juma'a ka shigo layinmu da leda a hannu kana murmushi, ka tarar da maza jere a ƙofa suna karɓar gaisuwa. Kallon da ka yi mini har yau bai sake ni ba.

Kakanka, Allah ya jiƙansa, ba a faɗin kalma a gabansa bai tono asalinta ba. Yakan ce tasalli daga Larabawa muka samo ta, wato a janye zuciya daga ciwonta har ta ɗan numfasa. Da ita na yi ta wanke kaina a gaban mata, wai na ba ka kwana biyu na tasalli. Ƙarya nake, ɗana. Ka tambaye ni ko akwai gaggawa. Ita kanta al'adar ba ta hana in ce ka taho yau ba. Sai na ce ka bi a hankali, don kada ka gane ka fasa kuka a kunnena. Kaina na lallasa, ba kai ba. Kunya kamar in nutse.

Gyalen yana cikin akwatina, ko ninkinsa ban warware ba.

Ba na cewa ka yafe mini yanzu. Alfarma ɗaya nake roƙo. Ɗan'uwanka Behruz, shi kaɗai na haifa, yana can Kazan. Na faɗa wa kawunnanka abin da zan roƙe ka, sun yi faɗansu sun gaji. Ranar da tawa ta zo, kai za ka kira shi. In ya tambaye ka ko na ci abinci, ka gaya masa gaskiya.

Kowa na gaishe ka. Ka riƙa rufe ƙirjinka.

Innarka,
Mohira